Wa Zai Sa Hannu a Kan Injin Asibiti?

Daga unguwar Hausawa ta Idi-Araba zuwa ƙofar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, tafiyar ƙafa ce. Shi ya sa hirar majalisarmu ba ta rabuwa da zancen asibiti: wane ya kawo mahaifinsa daga Funtuwa wankin ƙoda, wance tana jiran ranar gashin ciwon daji. A wannan majalisa ce ɗan yayata ya same ni wata rana bayan isha'i, ransa a ɓace.

Yaron, gyaran waya ya koya a Computer Village da ke Ikeja, daga baya ya bi wani ubangida mai gyaran kayan asibiti. Shekararsa ta huɗu ke nan yana kwance injin oksijin da na'urar awon hawan jini da tukunyar dafa kayan tiyata, yana mayarwa. Hannunsa na da kyau, wannan na shaida. Wani asibitin kuɗi ne ya so ba shi aikin kula da injinansa na shekara guda, da aka zo rubuta yarjejeniya sai aka ce ya kawo takardar rajista. Ba shi da ita, aikin ya tafi hannun wani.

"Kawu," ya ce, "Baturen da ya ƙirƙiro na'urar sikanin ƙwaƙwalwa ko digiri ba shi da shi, amma har kyautar Nobel aka ba shi. Da a nan yake, da tun a bakin get an ce masa ina kwalinka."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai gaskiyar ba za ta kai shi inda yake so ta kai shi ba.

Wanda yake nufi shi ne Godfrey Hounsfield, ɗan Ingila. Aikin rediyo da na'urar hango jirage ya koya a rundunar sojan sama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya ƙara da difloma a wata kwalejin lantarki a Landan, sannan ya kama aiki a kamfanin EMI, wanda duniya ta fi sani da buga faya-fayan waƙa. A watan Oktoban 1971 aka fara ɗaukar hoton cikin kan wata mata da na'urarsa a asibitin Atkinson Morley, aka ga ciwon da ke ƙwaƙwalwarta ba tare da an fasa ƙoƙon kai ba. A 1979 ya raba kyautar Nobel ta fannin likitanci da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu. Cikin su biyun babu likita.

Labarin da ma ya fi kama da na ɗan yayata shi ne na Earl Bakken. A 1949 shi da wani surukinsa suka buɗe shagon gyaran kayan asibiti cikin garejin mota a birnin Minneapolis na Amurka. Dala 8 suka samu a watan farko. Wannan shago shi ne kamfanin Medtronic na yau. Ranar 31 ga Oktoban 1957 aka ɗauke wuta a birnin (ɗauke wuta ba a kanmu aka fara ba), alhali yaran da ake yi wa tiyatar zuciya a lokacin ana jona wasunsu da wata ƙatuwar na'urar daidaita bugun zuciya wadda ba ta aiki sai an soka ta a bango. Likitan tiyata Walton Lillehei ya ce wa Bakken ya samo masa mai batir. Bakken ya ɗauko zanen wata 'yar na'ura da makaɗa ke riƙe kiɗa da ita, daga wata mujallar masu sha'awar lantarki, ya sauya shi, cikin mako huɗu ya kawo ɗan akwati da za a iya ratayawa a jiki. Aka gwada a jikin kare. Washegari da ya shiga asibitin sai ya tarar da abin a jikin wata ƙaramar yarinya. Ba a nemi izinin wata hukuma ba, domin dokar lokacin ba ta ce a nema ba.

Haka sauran. Wilson Greatbatch kuskure ya yi, ya sa 'yar ƙwayar rage ƙarfin wuta wadda ba ita ake so ba a wata na'ura da yake haɗawa, sai ta fara bugawa tana tsayawa kamar zuciya. A rumfar bayan gidansa ya ƙera na'urorin daidaita bugun zuciya guda 50 da kuɗin ajiyarsa. A ƙasar Holan kuwa, a 1943, sojojin Jamus na mamaye da ƙasar, likita Willem Kolff ya haɗa injin wankin ƙoda na farko da gangar katako mai juyawa da irin ledar da ake ɗura naman tsiran Turawa a ciki. Duk mai zuwa wankin ƙoda yau jikan wannan ganga yake hawa.

To amma akwai ɓangaren labarin da ba a cika kawowa a majalisa ba. Marasa lafiya sama da goma da Kolff ya fara jonawa da injinsa, kusan duka sun rasu. Sai a 1945 wata tsohuwa mai shekara 67 ta tashi. A Suwidin, na'urar bugun zuciya ta farko da aka dasa cikin jikin mutum a 1958, wadda Rune Elmqvist ya ƙera, sa'o'i kaɗan ta yi ta mutu, aka sake buɗe mutumin aka sa wata. Allah ya yi wa mutumin, Arne Larsson, tsawon rai har 2001, ya binne wanda ya ƙera da wanda ya dasa, amma sai da aka sauya masa na'ura 26. Abin da ya halasta wannan kasada shi ne, waɗannan mutane sun riga sun kai gargara, kuma babu wani magani a duniya da aka hana su aka ba su gwaji. Mai gyaran da ke buɗe injin da aka riga aka ƙera, aka san iyakarsa, aka rubuta littafinsa, ba ya cikin wannan hali.

Abu na biyu shi ne wanda na fi so ɗan yayata ya gane. Ba daidai ba ne a ce babu lasisi a ɗakunan da aka yi waɗannan gwaje-gwaje. Akwai, a aljihun wani yake. Bayan Bakken akwai Lillehei, bayan Elmqvist akwai likita Ake Senning, bayan Greatbatch akwai William Chardack, bayan Hounsfield akwai James Ambrose. Injiniya ya ƙera, amma likita ne ya ce a sa wa mutum, kuma da abin ya ɓaci shi za a tsayar. Wato tun farko akwai mai sunan da za a kira.

Wannan shi ne asalin lasisi, kuma mu ba baƙonmu ba ne. Wanzami ba ya ɗaukar zabira ya shiga gari yi wa 'ya'yan mutane kaciya don kawai askarsa na da kaifi. An san gidan da ya fito, an san wanda ya yaye shi, in ya yi ɓarna akwai Sarkin Aska da za a kai wa ƙara. Malami in ya ba almajiri ijaza, sunansa yake jinginawa, da sunan wanda ya karantar da shi. Na Turawa ma bai wuce haka ba, takarda da hatimi kawai aka ƙara. Jihar Wyoming ce ta fara yi wa injiniyoyi rajista a Amurka a 1907, saboda kowa da kowa na zana taswirar rabon ruwan noma yana kawo wa gwamnati, ciki har da waɗanda ba su san awo ba. Jihar Kalifoniya sai da madatsar ruwa ta St. Francis ta ɓalle a 1928 ta kashe mutum sama da 400, sannan a 1929 ta yi tata dokar. Babban injiniyan madatsar, William Mulholland, shi ma da kansa ya koyi aikin, kuma kafin ranar gwani ake kiransa. Duk inda ka ga dokar lasisi, in ka tona za ka tarar da kaburbura a ƙarƙashinta.

A fannin kayan asibiti Amurka wata hanya ta bi daban, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Maimakon ta ɗaure injiniyan, sai ta ɗaure na'urar. Bayan wata robar hana ɗaukar ciki mai suna Dalkon Shield ta jikkata dubban mata a farkon shekarun 1970, aka yi dokar 1976 wadda ta raba kayan asibiti gida uku gwargwadon haɗarinsu. Abin danne harshe ba a tsananta masa, amma abin da za a dasa a zuciya sai kamfani ya kawo hujjar gwaji kafin ya sayar. Shi ya sa har yau yawancin injiniyoyin da ke aiki cikin kamfanonin ƙera waɗannan kaya a can ba su da lasisin kansu, doka ta ɗauke musu. Kamfanin ne ke amsa tambaya. Wanda ya ce "a Amurka ma ba a tambayar lasisi" ya ga ƙofa ɗaya a buɗe ne, bai lura da wadda aka garƙame a bayanta ba.

Ko ita ɗin ba ta isa ba. Tsakanin 1985 da 1987 wani injin gashin ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar Kanada, ya zabga wa marasa lafiya shida haske mai ratsa jiki ninkin ba ninkin abin da likita ya rubuta, wasunsu suka mutu. Tsofaffin samfurin injin suna da makullin kariya a jikin ƙarfen, a sabon sai aka cire aka dogara da manhajar kwamfuta, ita kuwa manhajar tana da aibi. In ma'aikaciya ta gyara rubutu da sauri cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai injin ya rikice ya saki wuta, allo ya nuna saƙon kuskure mai lamba 54 wanda ba ya bayyana komai. Kamfanin ya daɗe yana cewa hakan ba zai yiwu ba. Wanda ya kama aibin wani ma'aikacin asibiti ne a jihar Texas, da ya zauna tare da mai sarrafa injin suka yi ta maimaitawa har suka gano inda gizo ke saƙar. Ashe bayan mai ƙira da hukumar da ta amince, ana buƙatar mutum na uku, wanda yake kwana yana tashi da injin a cikin asibiti. Wannan na ukun shi ne maganarmu a Legas, domin mu ba ƙera yawancin injinan muke yi ba. Saukowa suke yi a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, sababbi da tokumbo.

Hukumomi kam ba mu rasa ba. COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya, dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ce ta kafa ta, kuma rajistarta hawa huɗu ce: injiniya, da teknolojis, da teknishiyan, da mai sana'ar hannu. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ba magani da abinci kaɗai take yi wa rajista ba, har da kayan asibiti. Duk injin da ke fitar da haske mai ratsa jiki, daga na hoton ƙirji zuwa na gashi, yana ƙarƙashin hukumar kula da harkokin nukiliya, wato NNRA. Masu ɗaukar hoton suna da tasu hukumar rajista, masu ɗakin gwajin jini suna da tasu majalisar. Jihar Legas kuma tana da HEFAMAA tun 2006, mai ba asibitoci izini da kai musu ziyarar bincike. Makarantu ma akwai: sashen injiniyancin kayan asibiti a kwalejin likitanci ta Jami'ar Legas nan Idi-Araba, da makarantun horar da masu gyara a LUTH da asibitin koyarwa na Zariya.

Kowace hukuma ta riƙe gefen tabarma, tsakiyar ce babu kowa. Wata ta ce injin ya cancanci shigowa ƙasa. Wata ta ce ginin ya cancanci zama asibiti. Wata ta ce wannan mutum ya yi karatun injiniya. Amma shiga ƙaramin asibiti a Agege ko Mile 12 ka tambayi mai shi, wa ya auna wannan injin, yaushe, da wace mita? Sau da yawa amsar da za ka samu lambar wayar wani ce: "In ya lalace muna kiransa."

Kalmar "lalace" ɗin nan ita ce matsalar. A wajen mai waya, lalacewa ita ce abu ya ƙi kamawa. A asibiti injin da ya mutu murus shi ne mai sauƙi, don kowa ya gan shi an tura shi lungu. Mugun shi ne wanda yake kunne, fitila na ci, yana ƙara, amma ƙarya yake yi. Bara waccan na kwana jinyar gwaggona a wani ƙaramin asibiti, an sa mata robar oksijin daga irin injin nan mai taya da ake sokawa a bango. Ruwan 'yar kwalbarsa na ta ɓulɓula, mu kuwa hankalinmu kwance, amma numfashinta ya ƙi daidaita. Sai da aka kawo tukunyar oksijin ta ƙarfe ta samu sauƙi. Daga baya na fahimci yadda abin yake. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Injin yana zuƙo ta ya tura cikin wasu gwangwanaye biyu cike da wani irin yashi da ake kira ziyolait, yashin ya riƙe iskar naitirojin, abin da ya fito ya haura kashi 90. Babban abokin gabar yashin nan shi ne laima, ita kuwa Legas laima ce gidanta. In ya jiƙe sai ya daina tacewa a hankali a hankali, injin na ci gaba da huci kamar da, amma abin da ke shiga hancin mara lafiya ya kusa zama iskar ɗaki. Ido ba ya gani, kunne ba ya ji. Wasu injinan na da ƙararrawa, wadda ita ma tana mutuwa, wani lokaci ma mai gyara ne ke kashe ta don ta dami mutane. Mitar awon oksijin ce kaɗai ke faɗin gaskiya. Mudu ne da aka buge wa gindi: ana auna maka, kana kallo, kana godiya.

Haka zancen yoyon wuta. Ƙa'idar duniya ta kayan lantarkin asibiti, mai lamba IEC 60601, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta ce abin da zai taɓa zuciya kai tsaye kada wutar da ke tsiyaya daga gare shi ta wuce maikro'amfiya 10 (maikro'amfiya ɗan ƙanƙanin ma'aunin wuta ne). Yatsa ba ya fara jin wuta sai ta ninka wannan sau hamsin ko ɗari. Ke nan mai gyara zai iya dafa injin ya ce lafiya lau, ba ya ja, alhali wanda aka zura wa waya zuwa zuciya wannan 'yar wutar ta isa ta hargitsa masa bugu. Ƙara da injin tokumbo da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin 120, aka kawo shi ƙasar da ke kan 230, aka yanke ƙafar filogi ta uku don ya shiga soket, ana sauya shi tsakanin NEPA da janareto sau biyar a wuni. Wannan ba a koyonsa a teburin gyaran waya, kuma ba don masu gyaran waya ba su da basira ba. Waya in ta yi ƙarya ba wanda ke mutuwa.

Da na tsaya a nan, da na zama ɗan kanzagin masu kwali, kuma da ban yi wa yaron adalci ba. Wasu masu bincike biyu na Jami'ar Duke, Lora Perry da Robert Malkin, sun tattara bayanan na'urori sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka wallafa a 2011 cewa wajen kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan da suka gano su ne rashin horarwa, da rashin tsarin kula da kaya, da matsalar wuta da ruwa. Wani binciken na Malkin ya nuna kusan biyu cikin uku na irin waɗannan kaya za a iya tashinsu da ilimin gyara na yau da kullum, ba sai an yi odar kayan gyara daga waje ba: fis, batir, bututun da ya toshe, wayar da ta tsinke. Wato ƙarancin hannu ne ya fi damunmu. Lokacin korona a 2020, wasu matasa biyu masu gyara a Jos sun tashi na'urorin taimakon numfashi da aka jingine a asibitin koyarwa na can, kyauta. In aka ce yau babu mai taɓa injin asibiti sai mai digiri da hatimi, to ƙananan asibitocin da talaka ke zuwa za su koma maƙabartar injina, domin mai digirin yana babban asibiti, ko yana wakiltar kamfani, ko ya bi jirgi.

Sannan lasisi na da nasa cututtukan, kowa ya sani. Yakan zama katangar da 'yan ciki ke ƙara wa tsawo don kada na waje su shigo. Mai babbar difloma wanda ya shekara goma yana kwana da injin wankin ƙoda, rajistar teknolojis zai samu, sai ya koma makaranta kafin a kira shi injiniya, yayin da yaron da ya gama jami'a bai taɓa buɗe bayan injin ba yake kan hanyar zama shugabansa. Akwai kuma hayar hatimi, inda mai lasisi ke sa hannu a kan aikin da bai gani ba a ba shi na goro. Ga wani lasisin da babu majalisar da ta zartar da shi: kamfanonin waje da ke kulle injinansu da lambar sirri, su hana littafin gyara, sai wakilinsu ya zo a biya shi da dala.

Masu ƙirƙira namu ma kada a tare musu hanya da irin wannan katanga. Birgediya Janar Oviemo Ovadje, likitan soja, tun ƙarshen shekarun 1980 ya fito da EAT-SET, na'urar da ke kwashe jinin da ya zuba cikin cikin mara lafiya ta tace a mayar masa, ba ta buƙatar wuta. Farfesa Hippolite Amadi ya shafe shekaru yana farfaɗo da kwalaben bakwaini da asibitoci suka yasar, ya kuma ci kyautar kimiyya ta kamfanin gas na NLNG ta dala 100,000 a 2023 kan na'urorin numfashin jarirai. A asibitin haihuwa na Island da ke nan Legas aka gwada maganin shawarar jarirai da hasken rana da aka tace ta wata leda ta musamman, aka wallafa sakamakon a 2015. Abin da mai ƙirƙira ke buƙata shi ne ɗakin gwaji, da kwamitin da zai duba kafin a taɓa mutum, da hanyar rajistar da ba za ta cinye masa shekaru ba. Na'urarsa za a yi wa jarrabawa. Shi kuwa mai kula da injin asibiti, shi kansa za a yi wa.

A ganina nan ya kamata a kai ƙarfi. A raba aikin gwargwadon haɗari, kamar yadda aka raba kayan. Wanda zai gyara gadon asibiti da fitilar tiyata da injin zuƙe majina, shaidar sana'a ta ishe shi. Wanda zai saita injin oksijin, ko kwalbar jarirai, ko famfon ƙarin ruwa, a zaunar da shi gaban injin da aka ɓata da gangan, a ba shi mita, a ga ko zai gano. Injin sa barci, da na wankin ƙoda, da na gashi, waɗannan sai mai zurfin karatu da horon wannan injin takamaimai. Kuma a bar tsani tsakanin hawa da hawa, yadda wanda ya faro daga bakin titi zai iya hawa da jarrabawa. Ba daga sama za a faro ba: rajistar COREN ta riga ta san da teknishiyan da mai sana'ar hannu, hukumar kula da ilimin fasaha, wato NBTE, kuma tana da tsarin ba da shaida ga wanda ya koyi sana'a a wajen ubangida, an ma taɓa shi da masu sana'ar Panteka a Kaduna. Abin da ya rage shi ne a ɗaura wannan da aikin asibiti, sannan mai bincike in ya shiga ya nemi abu ɗaya a jikin kowane injin: 'yar takarda mai ɗauke da ranar awo, da abin da mita ta nuna, da ranar awo na gaba, da suna da lambar wanda ya yi.

Amfanin sunan nan ba kama mai laifi kaɗai ba ne. Da benen nan mai hawa 21 ya rushe a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe mutum sama da 40, sai ga wata takarda ta fito da ke nuna injiniyoyin da suka fara kula da ginin sun janye hannunsu tun 2020. Janyewar ba ta hana aikin ci gaba ba, wannan kuma laifin masu sa ido ne. Amma ta nuna abin da lasisi ke ba mutum: ikon ya ce ba zan sa hannu ba. Mai gyaran da ba shi da komai sai jakar sukudireba, in mai asibiti ya ce "lallaɓa shi haka, babu kuɗin sabon yashi", lallaɓawa zai yi, don in ya ƙi akwai wani a bakin ƙofa. Bene in ya faɗi duniya na gani. Jaririn da kwalba ta yi wa zafi fiye da kima, a ce kwana ne ya ƙare.

Akwai kuma ƙarshen rayuwar injin, wanda ya shafe mu fiye da kowa a garin nan, don 'yan'uwanmu ne ke tura kurar gwangwan lungu-lungu. A 1987 a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu masu bola jari biyu suka shiga wani asibitin da aka ƙaurace wa, suka kwance kan injin gashi suka sayar a matsayin ƙarfe. A cikinsa akwai garin siziyom 137, sinadari mai fitar da haske mai ratsa jiki, mai walƙiya shuɗiya cikin duhu. Aka yi ta rabawa dangi da maƙwabta don sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, kusan 250 suka gurɓata, aka tantance sama da 100,000. Injin da ba a rubuta sunan mai alhakinsa ba ranar da aka kafa shi, ba za a samu mai alhakinsa ba ranar da aka yar da shi.

Duk wannan ban faɗa wa ɗan yayata a daren ba, don mai shayi ya fara kife kofuna. Na dai ce masa ya je ya binciki rajistar hawan da ya dace da shi, ya nemi makarantar nan ta bayan gidanmu, kafin nan kuma ya fara liƙa 'yar takarda a jikin duk injin da ya taɓa, da kwanan wata da sunansa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, in na rubuta sunana, ranar da wani abu ya faru ni za a nema fa."

Na ce masa haka ne.

Bayan kwana biyu ya kira ni daga Ikeja, yana tambaya ko zan ranta masa cikon kuɗin mitar awon oksijin zuwa ƙarshen wata.